Wayar da Na Saka a Cajar Motar Kawu

Ina tsaye a garejin kawuna a Tarauni bayan azahar, baƙin hayaƙi na tashi daga soket ɗin cajar mota, Hajiya matarsa tana salati tana ƙwala wa maigadi kira ya kawo ruwa. Ni na hana shi watsawa, na ruga na kashe wutar gidan gabaɗaya, muka zuba yashi. Gobarar ta mutu, amma ta riga ta cinye cajar, ta lashi gefen motar. Kowa yana ta sa min albarka. Ni kuma kafin su ankara na buɗe akwatin bireka, abin nan da ke yanke wuta in ta yi yawa, na zare wata 'yar wayar tagulla da ni na ɗaura da hannuna, na cusa ta a aljihu tana ƙona min cinya.

Tun asali ni yaro ne mara zama wuri ɗaya. A aji uku na sakandare na ajiye karatu, na taɓa Adaidaita, na taɓa gyaran waya, daga ƙarshe na tsaya a wayarin. Akwai abokina da muka tashi layi ɗaya a Gyaɗi-Gyaɗi, tare muka fara riƙe tasta ta gwada wuta a shagon oga ɗaya, kuma wallahi ni na koya masa haɗa fanka. Shi ya koma makarantar koyon sana'a, ya samo satifiket, wani kamfanin sola ya ɗauke shi. Sai ya zama Injiniya, ni kuma har gobe mai gyaran wuta. A majalisa har tsokanata ake, wai in riƙe masa jaka ko na samu albarkar boko.

Da Kawu ya sayo mota mai lantarki na ɗauka aikin cajar nawa ne, tunda ko ƙwan fitila ya mutu a gidan ni ake kira. Kawai na zo na tarar da abokin nan nawa a kan tsani da rigar kamfani. Kawu ya ce min wannan ba aikin 'yan kame-kame ba ne, in tsaya in koya. Na yi dariya, amma ranar ko abinci ban iya ci ba.

Bayan sati biyu Kawu ya fara mita, wai motar tana wuni a jone ba ta cika ba. Abokina ya yi masa bayani a gabana cewa da gangan ya rage ƙarfin cajar, saboda wayoyin gidan tsofaffi ne, kuma mota ba dutsen guga ba ce, awanni take tana jan wuta ba hutawa. Sai an ja mata sabon layi mai kauri. Ni a raina na ce tsoro ne irin na 'yan takarda. Ranar da na samu garejin ba kowa, na ƙure wa cajar ƙarfi. Bireka ta faɗi. Na tayar, ta sake faɗuwa. Sai na yi abin da muke yi a unguwa idan fis ya dame mu: na murɗa tagulla na tsallake ta. Niyyata idan Kawu ya yaba in ce ai ni ne.

Ya yaba kuwa, amma Injiniya ya yaba wa. Har ya haɗa shi da wasu Alhazai abokansa. Haushi ya sa na ja bakina. Kuma ga gaskiyar da ta fi min ciwo: kwana biyu kafin gobarar na taɓa filogin, zafi kamar murfin tukunya, robar gefen ƙarfen ta yi ruwan ƙasa, ga wani ƙauri-ƙauri. Na san ma'anarsa sarai. Na tafi abina, don wani ɓangare na zuciyata yana so aikin Injiniya ya ba shi kunya.

Ya ba shi kuwa. Kawu ya wanke shi tas a gaban mutane, Alhazan suka janye, kamfani ya dakatar da shi. Ya zo har ƙofar gidanmu ya zauna yana ta juya abin, yana tambayata yadda za a yi bireka sabuwa ta ƙi faɗuwa. Na ce masa kayan yanzu ba su da tabbas. Ya ce ni kaɗai na tsaya masa.

Jama'a, in filogin caja ya yi zafin da hannu ba zai jure ba, ku cire, ku kira wanda ya sani. Bireka mai faɗuwa magana take muku. Hassada kuwa ta sa na ji ƙauri na wuce.

Jiya na tura wa Injiniya wannan:

"Salam. Ba bireka ba ce, ni na tsallake ta da waya, ni na ƙara wa cajar ƙarfi. Na ji zafin filogin ban faɗa ba. Gobe bayan la'asar zan je in gaya wa Kawu, in kana so ka zo ka ji da kunnenka. Kamfaninku ma zan je. Ba sai ka amsa min ba."