Kiran Da Ghali Bai Ɗauka Ba

Duk wanda ya taɓa zuwa Guangzhou sarin kaya daga Kano, ko bai san fuskar Ghali ba ya san ƙeyarsa, domin kullum shi ne a gaba, baƙi na biye da shi suna haki. Dillali ne. Shi zai ɗauko ka daga filin jirgi, ya sama maka masauki a Xiaobei, unguwar da muka yi wa cincirindo mu 'yan Afirka, gari na wayewa ya ja ka zuwa kasuwar Canaan. Gajere ne mai saurin ƙafa, kuma Sinancin kasuwa ya zauna a bakinsa, har idan yana ciniki sai ka ji tausayin mai shagon. Shekararsa goma sha bakwai a wannan aiki. Ni sunana Hadi, harkar tura kaya a kwantena nake yi. Ofis ɗaya muke da shi, tebur biyu, butar shayi ɗaya.

Haifaffen Kurna ne. Mahaifiyarsu ta rasu yana ɗan shekara biyar, sai yayarsa Saude ta tafi da shi ɗakin aurenta. Ita ta yi wankansa, ita ta tsaya kan karatunsa, da ya tasa kuma ita ta kama hannunsa har Kantin Kwari ta damƙa shi ga wani mai atamfa. Yaya yake ce mata, amma kowa ya san uwa ce. Ranar da zai fara hawa jirgi zuwa Chana ta cika masa gwangwanin madara da dambun nama, sannan ta ba shi sautunta na farko: allura mai faɗin ido, don idonta ya fara gajiya da ɗinkin hula.

Wanda bai zauna a nan ba ba zai gane abin da sautu ke yi wa mutum ba. A wurin mutanen gida, Chana shago ɗaya ne, kai kuma kana zaune a bakin ƙofarsa kana kaɗa ƙafa. Wannan ya zana sawun ɗansa a takarda ya turo, wai takalmin makaranta. Wancan ya turo hoton wani ƙarfe da ya karye a cikin injin markaɗe, ba suna ba lamba. Abin da zai ci maka yini guda kana sauka kana hawa jirgin ƙasa, ƙarshe mai shago ya kaɗa kai ya ce “meyo”, wato babu.

To, Yaya Saude ce sarauniyar sautu. Kuma ba nata kaɗai ba, na layinsu ne gaba ɗaya. Da wata ta ce fitilarta ta mutu, sai ta ce, “Ai ƙanena yana can, bari na gaya masa.” Saƙon muryarta kuwa sai ka gyara zama. Za ta gaishe shi, ta tambayi sanyi, ta tambayi ko ana samun tuwo, ta gaishe da mutanen Chana baki ɗaya kamar ta san su. Sai can ƙarshe ka ji, “Af, na kusa mantawa,” daga nan aiki ya samu Ghali.

Nan laifina ya shigo, kuma ba zan ɓoye shi ba. A ƙasar nan WhatsApp ba ya aiki sai da 'yan dabaru, mutanen gida ma sun san haka. Wata rana na ga ya dawo a galabaice daga neman murfin wata tukunya, na ce masa, “Ghali, kana kashe kanka a banza. Ka bar waya ta yi ta kuka har ta gaji. Bayan kwana biyu ka kira ka ce babu sabis, shi ke nan.”

Ya ce, “Haba Hadi, Yaya ce fa.”

Na ce, “Ni ma haka nake yi wa tawa, kuma ba ta fasa sa mini albarka ba.”

Ya gwada sau ɗaya, ya ga ba abin da ya faru. Ya sake. A hankali abin ya zame masa jiki, har ya fi ni iyawa.

A watan Janairun bara muna cikin rububin kayan Sallah, domin kwantenar da ba ta hau ruwa a lokacin ba, sai dai a sa kayanta bayan an sauko daga idi. Ranar Talata da yamma muna Canaan, yana ta cacar baki da wani mai 'yan kantin yara, wayarsa ta yi ƙara. Ya duba, ya juyo mini da ita na ga sunan. Na ce, “Injin markaɗe ya sake lalacewa.” Muka yi dariya, ya mayar da ita aljihu tana ta kuka. Ranar Laraba ta kira sau biyu. Ranar Alhamis ta kira sau ɗaya, sannan ta bar saƙon murya. Ya ce, “Yau kuma gajere ne, ko minti ɗaya bai kai ba. Gobe bayan masallaci zan saurara.”

Muna fitowa daga sallar Juma'a tawa wayar ta yi ƙara. Sabiru ne, mijin Nana, 'yar Yaya Saude ta fari. Ya ce, “Malam Hadi, kana tare da Kawu Ghali? Ka ba shi haƙuri, Umma ta cika da asuba.” Ashe tun Litinin take kwance, kuma ta hana kowa ya gaya masa, ta ce ita za ta faɗa masa da bakinta don kada hankalinsa ya tashi a ƙasar mutane. Na miƙa wa Ghali wayar. Ina tsaye kusa da shi na ji Sabiru yana cewa ta yi ta nemansa. Ghali ya ce, “Sabis ne.” Kafin magariba ta yi mana a nan, an riga an kai ta makwancinta.

Muka ture tebura gefe, muka shimfiɗa darduma a ofis don zaman makoki. Mutane suka yi ta shigowa, na Kano, na Maraɗi, na Yamai, har da Hausawan Ghana. Kowa ya durƙusa ya ce, “Ya haƙuri?” Ghali ya ce, “Haƙuri mun gode Allah.” Matsalar ita ce labari ya riga ya zaga cewa marigayiya ta neme shi kira bai shiga ba, don haka duk wanda ya gama addu'a sai ya ɗora da tsine wa sabis. Maidaji, wani dattijon Maraɗi da ke ja mana addu'a, su da ke ce wa sabis rezo, har da dafa masa kafaɗa.

Ya ce, “Kada ka sa ma ranka komi, ɗana. Rezon ƙasar ga ba shi da kirki. Da ka ga kiran ai da ka ɗauka, kowa ya san ka da yayarka.”

Ghali ya sunkuyar da kai. Bai dube ni ba, ni ma ban dube shi ba. Tun da nake ban taɓa jin kunya irin ta wannan zama ba, ga shi ni nake zuba wa mutane shayi.

Washegari da hantsi ya miƙe kamar zai zaga, ya zura silifas ɗin wani a bakin ƙofa, bai dawo ba. Mai makoki kuwa ba ya barin tabarma, shi ake zuwa gani. Haka na yini ina cewa yanzu zai shigo. Abin da ya biyo baya daga bakinsa na ji bayan an share makoki, kuma har ya gama bai ce ni na koya masa ba. Da ya faɗa, da na fi samun sauƙi.

Ya ce jirgin ƙasa ya shiga, ya yi ta canzawa yana yin kudu har taragon ya kusa zama wayam, sannan ya hau bas. Ya daɗe yana ganin hoton wani gandun tsuntsaye a bangon tasha, can Nansha inda kogi ke shiga teku. Shekara goma sha bakwai a garin nan, ban da kasuwa da sito da masallaci da filin jirgi bai san ko'ina ba. Ba tsuntsaye ya je gani ba. Wuri yake nema inda babu wanda ya iya cewa “ya haƙuri”.

A bakin gandun aka sa shi cikin wani ƙaramin jirgin ruwa tare da wasu tsofaffin Sinawa masu kyamarori dogayen baki. Kowa ya naɗe cikin rigar sanyi, shi kaɗai ne da kaftani da silifas ɗin da ya fi ƙafarsa. Jirgin ya riƙa ratsa ciyayin ruwa da suka fi mutum tsawo, iska na shiga masa har ƙashi. Can sai ciyayin suka buɗe, ga ruwa shimfiɗe, ga tsuntsaye ba iyaka, wasu a kan taɓo, wasu a kan bishiyoyi har rassan sun yi fari. Akwai agwagin ruwa, akwai wasu masu baki kamar ludayi da bai taɓa gani ba. A cikinsu ya gane balbela, irin wadda ke sauka kan darbejiyar bayan gidan Yaya da yamma.

Bai san lokacin da ya zaro waya ba. Yaya na son hoto, ko na tulin kaya ya tura mata sai ta zaga da shi gida-gida. Har ya ɗaga wayar sannan ya tuna babu wadda zai tura wa. Ga kuma sunanta a sama, ga saƙon nan na ranar Alhamis bai buɗe ba. Ya yi maza ya mayar da ita aljihu.

Da aka sauke su ya bi wata siririyar gadar katako da ta ratsa cikin bishiyoyi, ya yi ta tafiya har ya daina jin motsin mutane. Ya yi alwala da ruwan gora, ya yi azahar a kan katakon, ya zauna a benci. Ya ce mini abin da ya fi ba shi kunya a duk lamarin shi ne, a ransa fata yake ya tarar sautu ne. Idan ya ji ta ce fitila ko murfin tukunya, to yana da abin da zai gaya wa kansa. Ya fi awa guda yana juya wayar a hannu kafin ya danna.

Babu doguwar gaisuwa. Muryar ta sirance, tana tsayawa tana jan numfashi.

“Ghali, ni ce. Ba sautu ba ne, ka ji. Wallahi ba sautu ba ne. Muryarka kawai nake son ji. In ka samu sarari ka kira ni. Ka dinga sa rigar sanyi.”

Kukan da bai yi a gaban mutane ba ya ƙwace masa da ƙarfi, har tsuntsayen da ke kusa suka tashi fir. Ashe akwai wani tsoho a bayan ciyayi da ya daɗe yana dakon su da kyamara. Ya fito a fusace yana faɗa, da ya ga fuskar Ghali sai ya fasa faɗan. Ya laluba jakarsa, ya ajiye lemo ɗaya a gefen bencin, ya wuce.

Lokacin gari ya waye a Kano. Ya kira lambar Yaya, don ya san wayar tana hannun Nana. Ta ɗauka, yana jin hayaniyar mata 'yan gaisuwa a bayanta.

Ya ce, “Nana, ki koma inda ba mutane.”

Ta ce, “Na fito, Kawu. Ina jin ka.”

“Ba sabis ba ne. Duk kiran da ta yi na gani. Ina kallo na ƙi ɗauka, na zaci sautu ne.”

Ta ce, “Mun sani, Kawu. Ni nake danna mata kiran, ina ganin yana shiga.”

Ya ce, “To me ya hana ki rubuto mini?”

“Ita ta hana. Ranar Laraba ɗakin cike yake da 'yan dubiya, aka kira ka sau biyu. Wata maƙwabciya ta ce, ashe ɗan naki bai ɗauka ba. Umma ko zama ba ta iyawa a lokacin, amma sai da ta ɗago kai ta ce, ‘Sabis ɗin ƙasar tasu ne ba shi da kyau. Ghali ba ya ƙin ɗaukar wayata.’”

Ya ce ya daɗe da wayar a kunne bai iya cewa komai ba. Nana na ta faɗin, “Kawu? Kawu, kana ji na? Ko ya yanke ne?” Layin kuwa tar yake, yana jin ta sarai.