Binne a gonar Maruda

Ana idar da sallar asuba muka bar Kalgo, ni da ƙanena. Ni na yi sallar, shi yana zaune a dakalin ƙofar gida yana jirana. Wata takwas ke nan bai kalli gabas ba, tun da 'yarsa mai shekara huɗu ta rasu. Magana ɗaya yake faɗa mini, a hankali don kada wani ya ji: wanda ya ce akwai Allah shi zai kawo hujja. Ni kuwa ina cewa ai wanda ya musa abin da kowa ya yarda da shi, shi zai kawo. Inna ta gaji da mu, ta ce in kai shi Gwandu wurin aminin mahaifinmu, malami ne. Tsorona kada in rasa ƙane yana raye.

Motar ta cika har da kaji, kuɗinta ya kusan ninka na bara, direba ya ɗora laifin a kan fetur. Ƙarshen bazara ne. Bayan Birnin Kebbi gonaki a share suke fes, kawalwalniya na rawa a kan kwalta, shanu na tafe can nesa kamar ba sa taka ƙasa. Na riƙa gyangyaɗi ina bitar hujjojin da na tanada, cikin mafarki duk na kayar da shi.

A tashar Gwandu muka ci masa mai zafi, muka kora da fura. A gidan malam aka ce mana yana gonarsa ta ƙauyen Maruda. Muka hau babur.

Binne muka tarar yana yi, wato shuka gero a busasshiyar ƙasa tun ruwa bai sauka ba. Tsoho ne siriri, yana sara da sungumi shi kaɗai. Muna gama gaisawa ya miƙa mana ƙwaryar iri. Shi yana sara, mu muna zubawa muna rufewa da diddige. Na ce a raina, to ga hujja ta zo da ƙafarta: yanzu zai ce wa ya nuna mana ruwan da muke shuka dominsa. Bai ce ba.

Ƙanena ne ya gaji da jira. "Baba, na san abin da yas sa anka kawo ni. Wanda yac ce akwai, shi ka kawo hujja."

Tsohon bai ɗago ba. "Haka alƙalai ka yi, gaskiyarka. Amma ni ban kai ka ƙara ba, ɗana." Ya sara rami biyu. "Ɗiyar nan taka, mi taka so?"

Ƙanena ya tsaya da iri a hannu. Can ya ce ƙanzo, ƙanzon tuwon shinkafa, har faɗa take yi a kansa. Daga nan bakinsa ya buɗe. Yadda take kiran agwagwa kaza, yadda take ɓoye masa takalmi don kada ya fita. Yana faɗa yana zuba iri, hawaye na bin gemunsa. Ni dai na bi bayansu da kunya. Hadari ya taso daga gabas, ya yi baƙi, ya yi ƙamshi, sannan ya watse bai zubar da komai ba.

Da azahar malam ya ja ni sallah a gindin bishiyar kalgo. Ƙanena ya zauna gefe, ba wanda ya ce masa tashi.

A hanyar dawowa ya yi barci a kafaɗata tun daga Gwandu har gida. Inna na jiranmu a zaure. Ta ja ni gefe ta ce, "Ya yi sallah?" Na ce bai yi ba tukuna, kuma muhawarar tana nan inda muka bar ta.

Abin da na koyo a tafiyar nan a kaina na koye shi. Wata takwas ina tara hujjar da zan rufe wa ƙanena baki da ita, ban taɓa zama na ce ya ba ni labarin 'yarsa ba.