Yajin Turmi a Gidan Ɗanmalam

Duk Matankari an san Mubaraka ɗiyar Ɗanmalam da baki. Tun tana ƙarama, in aka raba ƙosai ba daidai ba, ita ce mai tada magana. Don haka ba wanda ya yi mamaki da ta tahi iniversite Yamai ta karanta dokar aiki, wato sasanta ma'aikaci da maigida.

Baba Ɗanmalam kam bai ga amfanin abin ba. Likita na da allura, malamin lakkol na da alli, ita ko surutu ta kawo gida. Da aka kira ta sitaj, wato koyon aiki, a Dosso, wurin masu duba haƙƙin ma'aikata, ya ce ba inda za ta. Karatun da ba a gani da ido, ya isa haka nan.

Ba ta yi gardama ba. Da ya san ɗiyarshi, nan ya kamata ya ji tsoro.

Damina ta yi nisa, haki ya taso ma hatsi, Baba ya kira gayya. Gayyarshi ta yi suna: samari cike da gona, ga mai ganga, ga hura. Sai dai shina da aƙida, hatsin hurarshi ba ya zuwa inji, wai warin man gazuwal yake yi. Matarshi Inna Shatu da yayarshi Gwaggo Hamsatu, su ke shan dakan nan shekara da shekaru, su ja ruwa su ɗauko a ka, amalanke na ajiye sai ran kai taki.

Ana gobe gayya, Mubaraka ta zauna da su, ta tambaya wai su wa ya taɓa yi musu kiɗa suna daka. Daga nan hira ta yi daɗi.

Washegari rana ta take, ba hura. Samari suka fara jingina da hauya. Mai ganga ya sauya kiɗa, ya shiga yabon wani maƙwabci mai yanka akuya. Baba ya rugo gida a babur, ya iske turame a kife, matan sun ƙunsa lalle hannu da ƙafa. Ya yi ta faɗa. Gwaggo ta ce ya rage murya, ita ta goye shi, in da magana ga wakiliyarsu nan.

"Baba, zauna," in ji Mubaraka, ta jawo mishi kujera. "Ni sulhu kawai nike. Ɓangaren ma'aikata na neman inji da amalanken ruwa."

Ya ce inji sai bayan ranshi. Ta ce ba laifi, ɓangaren ma'aikata ba su sauri, lallen ma bai kama ba. Ana haka yaron maƙwabta ya leƙo ya ce samari sun fara saɓa hauya. Baba ya amince a gaban Gwaggo.

Nan take aka hiddo ƙorai cike da hura daga ɗaki. Tun jiya aka kai hatsin inji. Samari suka shanye tas, suna cewa dakan bana ya hi na kowace shekara.

Kafin sati ya zagayo, matan unguwa sun fara sallama suna neman Mubaraka. Sai ga mazansu a zauren Baba, suna roƙonshi don Allah kar ya tauye ma yarinya karatu.

Shi da kanshi ya ɗaukar mata jaka har tasha.

"Ki tsaya can ki koyi aiki da kyau," ya ce. "Kar ki yi gaggawar dawowa."