Kwalin Da Ke Ƙarƙashin Keken Muhtari

Shekara ashirin Muhtari yana ɗinki a Kaura Namoda, bai taɓa yarda wani ya sa hannu a rigar da ya fara ba. Shi zai auna, shi zai yanka, shi zai kalmasa. Awon ma da hannu yake yi, kamu da taƙi, wai tef na ragwaye ne.

Da aka ƙaddamar da Shari'a, hijabi ya yi kasuwa. Sai ga Sha'aibu, ƙaninsa a wajen koyon sana'a, wanda Muhtari ke wa dariyar karkataccen layi, ya tara teloli huɗu. Wannan yanka kawai, wannan haɗi, wannan kalmasa, wancan guga, a bango kuma an rubuta aikin kowace rana da alli. Motocin Shinkafi da Zurmi suka fara tsayawa a ƙofarsa. In Muhtari ya ga ana loda dila, abinci fita ransa yake. Hassada ce tsagwaronta.

Ran nan Sha'aibu ya leƙo da wani kwali a naɗe.

"Yaya Muhtari, riƙe wanga. Shi na sirrin aikin duka."

"Ni za ka koya ma ɗinki da kwalin sabulu?"

Ko buɗewa bai yi ba, ya tokare ƙafar kekensa mai girgiɗi da shi.

Sai Hajiya Rahina, mai makarantar Islamiyya a Moriki, ta ba shi ɗinkin hijabin ɗalibai ɗari biyu. Ga ranar ƙwato suna! Ya ɗauki teloli, ya raba aiki, har allin bango bai bari ba. Yanka ya ba biyu daga cikinsu, Bawa da Ado, ya ce su bar wa fuska taƙi ɗaya. Ya manta hannun Bawa kamar faifai yake, na Ado kuwa ɗan firit.

Kwana goma suka gama. Muhtari har da zagayawa ta ƙofar Sha'aibu da kayan, don a gani.

Kwana biyu Hajiya ta dawo da su.

"Malam, wasu kai bai shiga, wasu kunne waje. Da mi kunka auna?"

Ta kwashi sauran yadinta, yana kallo ta tsallaka wurin Sha'aibu.

Muhtari ya durƙusa ya zaro kwalin, ya warware. Ma'aunin hijabi ne, da ramin fuska a yanke tsaf. A gefe, da karkataccen rubutun Sha'aibu, an sa: Na Yaya Muhtari.