Dodon Koɗin da Ya Kusa Ɗaukar Sunan Garinmu

Shekarun baya, tun Yauri tana cikin Jihar Sakkwato, ina sabon ma'aikacin lafiya a Yelwa, aka turo mana wani malamin jami'a ya yi binciken tsargiya a ƙauyukan bakin ruwa. Ciwon daga jikin wasu dodannin koɗi yake fitowa ya shiga mutum, don haka aikin malamin shi ne ya san waɗanne iri ne a tafkin Kainji, da inda suka fi yawa. Aka haɗa shi da ni. Ni da na ci burin farar riga da allura, sai ga ni tsugune da rariya ina tace laka.

Malamin mutum ne mai shiru, amma da an taɓo zancen katantanwa sai bakinsa ya buɗe. Ya ce mini asalin karatunsa a kan wasu mitsi-mitsin katantanwa na teku ne, masu ɓawo kamar guntun tsinke mai rami, waɗanda sai an wanke yashi an sa a madubin ƙara girma kafin a gan su. Shekaru ya yi yana rarrabe su, wannan mai santsi, wancan mai zobba, kowanne da danginsa da sunansa. A raina na ce Allah ɗaya gari bamban, ashe har wannan ma sana'a ce.

Da muka buƙaci mai jirgi, sai na kawo mahaifina. Masunci ne, haifaffen Gungun Kirya, tsibirin da ruwa ya cinye lokacin da aka datse kogi a Kainji, aka kwashe mutanensa zuwa tudu kusa da Wara. Ina ƙarami aka tashe mu, ban riƙe komai na wurin ba. Shi kuwa abin bai taɓa barin ransa ba. Mutanen gungun sun watsu, tsofaffi suna ta tafiya ɗaya bayan ɗaya, matasa kuma in aka tambaye su gari sai su ce Wara ko Yelwa. Babban tsoronsa shi ne ya mutu sunan ya bi shi.

Wata rana da bazara, ruwa ya ja sosai, muna tsakiyar tafki sai ya ɗaga filafili ya ce a kan garinmu muke. Malamin ya roƙi izininsa, muka zura guga muka ɗebo laka. Da muka koma Yelwa muna tacewa a faranti, sai muka ga wani siririn dodon koɗi da bai kai ƙwayar shinkafa ba. Malamin ya daɗe a kan madubi, ya duba littattafansa bai same shi ba. Ya ce zai kai wa manyansa su gwada da na wurinsu. In ya tabbata ba wanda ya taɓa sa masa suna, to shi ke da ikon raɗawa, kuma sunan gungun zai ba shi, a ƙara masa 'yar jela a ƙarshe irin ta sunayen masana, duk duniya ta riƙa kiransa da shi.

Malamin "in" ya ce. Ni kuwa na riga malam masallaci, na hau mota zuwa Wara na isar da albishir ba tare da "in" ɗin ba.

Ban taɓa ganin mahaifina cikin irin farin cikin nan ba. Ya sa na maimaita masa, sannan ya saka babbar riga ya fita. Kafin ranar kasuwa ta zagayo, duk wani tsoho ɗan gungun ya ji labari. Da yake mun ƙara samun irinsa a lakar, malamin ya bar mini guda a 'yar kwalba da ruwan magani, sai kwalbar ta koma hannun mahaifina. Mutane suka riƙa zuwa zaure kallo, har da waɗanda idonsu ba ya iya ganin abin da ke ciki. Wata gwaggona ta ɗaga ta a rana, ta juya, ta ce ita dai ruwa take gani, amma Allah ya raya. Har rago mahaifina ya ware daga garkensa, wai na ranar suna.

Bayan damina malamin ya dawo. Tun daga fuskarsa na gane. Ya ce an samu irin dodon koɗin a ajiye, wani Bature ya tsince shi a wani kogi mai nisa ya sa masa suna tun kafin a haifi kakanninmu. Ƙa'idarsu kuma sunan farko shi ke zama, ko da na baya ya fi daɗi. Na so in laɓe bayan malamin ya yi bayani, amma tunda bakina ya kai albishir, dole shi zai kai gyara.

Na sami mahaifina yana ɗinkin komar kamun kifi a ƙarƙashin rumfa. Na yi ta kewaye-kewaye har ya ce in faɗi abin da ya kawo ni. Da na faɗa, bai ɗago ba. Ya ƙarasa ɗaurin da yake yi, sannan ya tambaya ko daga nesa abin ya fito, na ce haka aka ce.

"Ashe shi ma baƙo na, ruwa ya kawo shi," in ji shi. "Sun yi gaskiya, ba a raɗa ma ɗa suna sau biyu."

Wallahi da ya yi mini faɗa da ya fi mini sauƙi. Shi da kansa ya bi tsofaffin gida-gida ya warware maganar, bai ce ɗansa ne ya yi gaggawa ba.

Washegari ya ce in ɗauki filafili. Ni ya sa na tuƙa, shi yana zaune a gaba. Da muka yi nisa ya nuna mini wani dutse a gabas, ya ce in daidaita shi da kafaɗata, sannan in jira sai wani babban rimi na gaɓar yamma ya rufe tudun da ke bayansa. Da suka haɗu ya ce in tsaya. Ya riƙa nuna ruwa da hannu kamar yana ganin ƙasa: nan masallaci, nan mashaya, nan inda ake shanya kifi, can gidanmu. Ya nuna inda aka binne mahaifiyarsa, muka yi mata addu'a.

"Yaro, ni na yi kuskure," ya ce. "Na so in aza ma wanga ɗan abu kayan da kai ya kamata ka ɗauka. Hwaɗi sunan in ji."

Na faɗa. Ya sa na jero unguwannin kamar yadda ya nuna mini, inda na manta ya gyara. Bai kai wata bazarar ba Allah ya yi masa rasuwa.

Na daɗe ina jin haushin Baturen da ya riga mu, mutumin da ban san ko kabarinsa ba. Daga baya na gane ni ma sauƙi na nema. Na so a rubuta sunan a wani littafi can nesa, ni in huta. Har yau in na tuna yadda tsohon nan ya fita da babbar riga, kunya da tausayi sukan kama ni tare.

Duk bazara nakan ɗauki 'ya'yana, yanzu har da jikoki, mu shiga jirgi. Bara da muka je, dutsen yana nan, amma an sare rimin. Na yi ta juya jirgi ina neman tudun, yaran suna kallona. A ƙarshe na tsaya inda zuciyata ta fi kwanciya, ban da tabbacin ko a kan masallaci muke ko a bayan gari. Ƙaramar jikata ta leƙa ruwa ta ce, "Kaka, nan ne?" Na ce mata nan ne, ta faɗi sunan in ji.