Jirgin da Yaya Bai Saukar Ba

Yayana malamin kimiyya ne, har ya yi ritaya jan biro bai bar aljihun rigarsa ba. Ɗalibansa sun laƙaba masa Malam Wata, don duk darasin da ya ɗauko, ko na tsirrai ne, sai ya ƙare a sama. Ni ƙanwarsa ce, tun rasuwar matarsa nake zaune a gidansa, saboda haka na fi kowa shan darasin nan, kuma ba satifiket.

Kana tsaka da kurɓar shayi zai ce maka watanmu ba komai ba ne. Akwai watan da duwatsunsa ke aman wuta ba hutu. Akwai wanda ƙanƙara ta rufe ruf, masana na kyautata zaton teku ne a ƙarƙashinta. Akwai wani mai taurin kai da ke zagaya duniyarsa ta baya, saɓanin yadda take juyawa, na ce wannan ɗan gidanmu ne. Amma abin ƙaunarsa wani watan Zuhal ne, duniyar nan mai zobba. Rabinsa baƙi ƙirin kamar gindin tukunya, rabi fari fat, ga wani dogon tudu ya ɗaure masa ƙugu.

Cikin 'ya'yansa Auta ce kaɗai ke saurare, sauran da ya fara sai su tuna suna da aiki. Ita kuwa takan tallafe haɓa ta yi ta jero tambayoyi. Ta girma ta karanta kwamfuta, ta sami aiki a wani kamfanin ƙera wasanni, a gari mai nisa.

Yaya yana son yarinyar nan kamar ransa, wannan ba na shakka. Matsalar ita ce hanyar ƙauna ɗaya ya iya, gyara. Ko girki ka yi masa ya lashe kwano, godiyarsa ita ce gishiri ya ɗan yi yawa. Wanda bai damu da shi ba, ba ya gyara masa. Ni da na tashi da shi na san haka, amma yarinyar da ke nesa kalmominsa kawai take ji.

Wani hutu ta zo gida da murnarta, ta saka wasan da suka ƙera a kwamfutar falo. Wasan dabara ne: kowa da jirginsa na sama jannati, ka zaɓi wata, ka sauka, ka kafa sansani, ka haƙo ma'adinai, ka tsare kanka daga maƙwabta.

"Baba, watannin Zuhal duk ni na tsara su," in ji ta. "In na koma mu riƙa shiga tare ranar Asabar, kai daga nan, ni daga can. Ga jirginka, ga watan nan naka. Sauka kawai za ka yi."

Ya gyara tabarau, ya kai hanci kusa da allon. Na ga daɗi ya kama shi. Abin da ya fito daga bakinsa kuwa shi ne, "Rana ta yi girma. Daga can 'yar mitsitsiya ake ganinta."

A wannan karon Auta dariya ta yi.

Bayan ta koma, duk Asabar da yamma sai ta kira. Jirginta na ƙasa yana jira, nasa na sama yana ta kewaya watan kamar mai gadin jarrabawa.

"Baba, ka sauko mana."

"Bari in gama dubawa. Wannan ƙarar fashewa fa? Inda babu iska sauti ba ya tafiya."

"Wasa ne, Baba. Mutane suna son su ji."

"Mutane suna son ƙarya ke nan."

Wani makon tudun ne ya cika tsayi, wani makon taurari ne suke ƙyafta ido alhali bai kamata ba. Na kasa haƙuri na ce, "Yaya, ba takardar jarrabawa ta kawo maka ba." Ya ce in bai gyara mata ba wa zai gyara? Abin haushin, mutumin nan ya ishi mai aski da mai kemis da labarin 'yarsa da ta ƙera sararin samaniya. Kowa a layinmu ya ji yabon, ban da mai shi.

Ba su yi faɗa ba. Da ma sun yi, da an sami abin sasantawa. Kiran Asabar ne ya riƙa gajarta, har ya koma gaisuwa da tambayar ko ya sha magani. Wasan ba wanda ya ƙara ambata. Shi ya ce aiki ne ya yi mata yawa, ni kuma na zuba masa ido.

Daga baya hawan jinin ido ya kama shi. A hankali gani ya riƙa tsukewa, har karatu ya gagara, biron ma ya ajiye. Ya rage surutu, abin da ban taɓa zaton zai dame ni ba. Wata safiya yana zaune a falo ya kira ni.

"Gwaggon yara, kunna min abin nan na Auta. Ki saukar min da jirgin, ki faɗa min abin da kika gani."

Na share ƙurar kwamfutar na kunna. Na danna, na sake dannawa, wani ɗan da'ira ya yi ta juyawa, wasan ya ƙi buɗewa. Sai na kira Auta na miƙa masa wayar, na ƙara murya don in ji.

"Baba, ai an rufe wasan tun bara. Kamfanin ya daina shi."

"An rufe? To watan fa?"

"Ya tafi tare da shi."

Ya shafa gefen wayar da yatsa. Can ya ce, "Me ke ƙasan, inda kika yi ta cewa in sauka?"

"Ba wani abu ba ne. Ɗan gida ne na gina a daidai inda baƙin ya haɗu da farin. Ba mai iya buɗe shi sai wanda ya sauka da jirginka. Na sa kujeru biyu a ƙofa."

"Ina ƙofar take kallo?"

"Zuhal. Kai ka ce cikin manyan watanninsa, daga nan ne ake ganin zobban sosai."

Na jira gyara, wallahi na jira.

"Haka ne," ya ce. "Kin yi daidai, Auta. Kin yi daidai ƙwarai."

"Na gode, Baba," ta ce cikin ladabi, irin wanda ake yi wa baƙo. "Ana jirana a ofis. Ka gaida Gwaggo."

Wayar ta katse, amma bai sauke ta daga kunnensa ba.