Ranar da Katafila Ta Ƙwace Mini a Gonar Dawa

Malam Edita, bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da masu karatu, ina roƙon a ba ni fili in faɗi abin da ya same ni a shekarun da ake gina madatsar ruwa ta Bakolori. A lokacin ni saurayi ne mai jini a jika, ban daɗe da aure ba, ɗan wani maƙeri daga wani ƙauye kusa da Dosara a ƙasar Maradun. A maƙera na buɗe ido. Tun ina ƙarami nake zuga wa mahaifina wuta, kuma kafin in yi gemu na iya fitar da lauje da fartanya da ba wanda zai ce ba shi ya ƙera ba. Ina son aikin, wannan ba zan ɓoye ba. Idan ƙarfe ya yi ja na ɗora shi a kan uwar maƙera, mantawa nake da yunwa. Amma ina jin kunyarsa. Hannuna kullum baƙi, rigata duk hujin tartsatsi, kuma samarin garinmu da suka fara aikin kamfani suna dawowa da agogo da rediyo da takalmi sau ciki, suna kirana ɗan gawayi.

Da na gaya wa Baba zan tafi aikin dam, wato madatsar, bai hana ni ba. Ya dai ce shi ya ga yadda hannuna ke tafiya a kan ƙarfe, kuma ba kowa Allah ke ba wannan ba, in yi tunani. Na amsa masa da maganar da har yau take ci mini rai, na ce zamanin bugun ƙarfe da hannu ya wuce, ni ba zan tsufa a gaban wuta kamar shi ba. Ya mayar da kai ya ci gaba da aikinsa.

Na samu shiga wani ƙaramin kamfani da aka ba aikin share filayen da za a yi noman rani. Da shafa wa injina mai na fara, amma da yake na saba da ƙarfe ban jima ba aka ɗora ni a kan katafila. Na kama ɗaki a Talata Mafara, na ɗauko matata, na sayi keke sabo da hular kwano da nake sawa ko ba a wurin aiki ba. Duk wanda ya gan ni sai ya ce na haye. Ni kaɗai na san abin da ke cikina. Tun safe har rana ta faɗi ina zaune a kan ƙarfe mai zafi, ƙura a baki, ƙara a kunne, ina tuge itatuwan ɗorawa da tsamiya da suka girmi kakana. Idan na waiwaya da yamma ba abin da zan nuna in ce ni na yi shi, sai fili fetal. In na dawo gida kunnuwana na ta ƙugi, matata ta yi magana ban ji ba, in na amsa kuma da tsawa nake amsawa. Abinci ya daina yi mini daɗi, sai goro da sigari. Ranar kasuwar Talata nakan zagaya don kada in bi ta rumfunan maƙera, inda Baba ke kasa kayansa, amma sau da yawa sai in tsinci kaina a tsaye bayan rumfar masu gishiri ina sauraren bugun masaba daga nesa. Ko lokacin da ruwan dam ya fara cin fadamar garinmu, mutanenmu suna ta kwasar kaya, aike kawai na yi, ban je ba.

Ana nan har kaka ta kusa, aka tura mu wani yanki a ƙasar Bakura, wajen Damri. Dawa ta fitar da kai ta sunkuya, saura kaɗan a yanke. Tun a hanya muka ji cewa mutanen wurin sun ce ba a gama magana da su a kan gonakinsu ba, kuma ko an gama, a bari su girbe abin da suka shuka. Da muka isa da hantsi muka tarar da su cike da bakin gonar, maza riƙe da sanduna da fartanyu, mata da yara can gefe a ƙarƙashin wata ɗorawa. A tsakiyar hanyar da zan bi kuwa wani dattijo ne ya shimfiɗa buzunsa ya zauna, tasbaha a hannu, ko kallonmu bai yi ba.

Helumanmu, wato shugaban ma'aikatan rukuninmu, mutum ne mai tsoron manyansa fiye da tsoron komai. Ya je ya yi magana da su, murya ta tashi, ya dawo yana gumi. Ya hau gefen katafilar ya yi mini magana a kunne, ya ce in sa giya mafi sanyi in matsa a hankali, ba wanda zai zauna ƙarfe ya taka shi, da sun ga da gaske ne za su watse. Na ce masa ranka ya daɗe, wannan tsoho sa'an mahaifina ne, a bari a yanke dawar mana. Ya ce idan ba zan iya ba in sauka, akwai mutane a bakin ofis suna jiran wannan kujera, in ya so in koma ƙauye in ci gaba da hura gawayi. Wannan kalma ita ta kama ni. Wallahi ba yunwa nake tsoro ba, dariyar da za a yi mini nake tsoro. Na ja liba, wato sandar tuƙi, katafila ta motsa.

Tana tafiya kamar hawainiya, ƙasa na girgiza, ni kuma idona a kan tsohon nan ina roƙon Allah ya tashe shi. Mutane suka fara ihu, wasu na salati, wasu na dukan jikin injin da sanduna. Tsohon bai motsa ba. Na riga na yanke a raina cewa da na kai kusa da shi zan tsaya, ko me heluma zai ce, har na kai hannu wajen libar. Sai na ji wani abu ya daki fuskata ta hagu kamar an buga mini masaba. Dutse ne. Har yau ban san wanda ya jefa ba. Na faɗi a kan libobin tuƙi, nauyin jikina ya danne ɗaya, sai katafilar ta karkata ta nufi wajen ɗorawar nan da mata da yara suke.

Ba na ganin komai. Jini ya rufe mini ido biyu, kaina na juyawa, amma kunnena na jin kururuwar mata tana ƙara matsowa. Na yi ƙoƙarin tashi, hannuna ya zame a kan jinin, na sake faɗuwa, injin ya sake juyawa ya koma kan hanyarsa ta farko, inda tsohon yake. Ban san ko mutane sun gudu ba, ban san ko na riga na taka wani ba. Na shiga lalube kamar makaho ina kiran sunan Allah, na kama wannan ba ita ba ce, na kama waccan ba ita ba ce, har hannuna ya faɗa kan libar da ke sauke babban farantin gaba. Na tura ta da duk ƙarfin da ya rage mini. Farantin ya nutse cikin ƙasa, katafilar ta yi gurnani, ta ɗaga gaba kamar za ta kife, sannan ta mutu. Daga baya aka gaya mini cewa ƙasar da farantin ya turo ta binne buzun tsohon da ƙafafunsa har gwiwa.

Shirun da ya biyo baya bai daɗe ba. Na ji motar kamfani ta tashi da gudu, heluma da sauran sun tsere sun bar ni. Hannuwa suka jawo ni ƙasa, sanda ta sauka a bayana, wata a kafaɗa, wani na cewa a gama da shi. Na saddaƙar, na fara kalmar shahada. Sai na ji wani ya faɗo a kaina ya rufe ni da jikinsa, yana faɗa musu cewa duk wanda zai sake dukan yaron nan sai dai ya fara da shi. Tsohon ne, ya zaro ƙafafunsa daga ƙasa ya rarrafo. Ya ce musu shi ne ke gaban ƙarfen, shi ya ga abin da ya faru, yaron nan da jini a idonsa ya tsayar da shi, in da ya so kansa kawai da ya yi tsalle ya bar shi ya bi ta kan kowa. Ya warware rawaninsa ya ɗaure mini kai, yana tambayata, ɗana, kai ɗan wane ne, daga ina. Da na faɗi garinmu da sana'ar mahaifina sai ya yi salati. Ya ce ai ya san shi a kasuwar Talata, shekara da shekaru a wurinsa yake sayen lauje. Ya tambaye ni, cikin tausayi ba faɗa ba, me ya raba ni da wannan sana'a mai albarka ya kawo ni nan. Kuka kawai na yi, jini da hawaye suka haɗu.

Mutanen da suka dake ni su suka ɗora ni a amalanke har bakin hanya, suka tsayar da mota aka kai ni asibiti. Idon hagu bai tsira ba. Kamfani ya sallame ni, don ba a ba mai ido ɗaya katafila. Na ji an bar mutanen sun girbe dawarsu, daga baya wani direban ya share filin.

Watannin da suka biyo baya sun fi ranar kanta wuya. Na kulle kaina a ɗaki, ba na zuwa ko masallaci, ina ganin rayuwata ta ƙare. Da na rufe ido sai in ji kururuwar matan nan. Wata rana na ce wa matata ta tafi gidansu, ba ni da abin da zan riƙe ta da shi. Ta zauna a bakin gado ta ce ba inda za ta. Ta ce ita tun da na hau ƙarfen nan ba ta ƙara ganin haƙorina ba, mutumin da ta aura mai waƙa ne a bakin wuta, wanda ya kawo ta Mafara kuwa baƙo ne mai tsawa. Ta ce ita ba keke ta aura ba, kuma in ido ɗaya ne zai dawo mata da mijinta, ta gode wa Allah. Ban taɓa sanin haka take ji ba, don ban taɓa tambayarta ba.

Baba ya zo ranar wata kasuwa. Na sunkuyar da kai ina jiran ya tuna mini maganata, amma bai ɗauko ta ba, a ranar ko bayanta. Ya ce kawai kafaɗarsa ta fara ba shi wahala, ga masu noman rani sun dame shi da neman lauje na yankan alkama da shinkafa, ko zan zo in riƙa zuga masa wuta kafin in sami wani aikin. Na bi shi don kunya. Farawa ta yi wuya ƙwarai, domin mai ido ɗaya ba ya gane nisan abu daidai. In kai masaba in sami gefen uwar maƙera, in kai awartaki in kama iska, na ƙone yatsu ba adadi. Laujen farko da na gama ya karkace, na jefar da shi don haushi. Baba ya ɗauko ya mayar wuta ya miƙo mini, ya ce a sake. Haka muka yi ta yi har hannuna ya koyi abin da ido ya rasa. Ranar da wani manomi ya dawo ya ce a ba shi irin laujen wancan makon, wanda ɗan maƙerin ya ƙera, na shiga bayan rumfa na yi kukan da ban san na daɗi ne ko na baƙin ciki ba. A daren nan na ci tuwo har na nemi ƙari.

Baba bai daɗe ba bayan haka Allah ya karɓi abinsa. Wannan ita ce nadamata babba, shekarun da zan zauna kusa da shi in kwashi abin da ya sani na ɓatar da su a kan aikin da zuciyata ba ta taɓa so ba, don kawai a ce da ni wani ne. Yau na tsufa a gaban wuta, abin da na rantse ba zan yi ba, kuma ban san wani wuri da ya fi mini shi daɗi ba. Da wannan sana'a na ciyar da iyalina, na aurar da 'ya'yana, kuma duk gonar da na wuce a ƙasar nan ina iya ganin aikin hannuna a hannun wani.

Ba ina cewa aikin kamfani ko tuƙin injin abin ƙi ba ne. Na san waɗanda suka so shi, suka yi shi da zuciya ɗaya, suka ga alherinsa. Abin da nake jan kunnen matasa a kai shi ne, kada ka bar abin da Allah ya sa maka sonsa kuma ya ba ka iyawarsa saboda tsoron bakin mutane. Idan aiki ya raba ka da barci da dariya, ya sa iyalinka na tsoron dawowarka, ya kai ka inda za ka tura ƙarfe kan sa'an mahaifinka don kada a yi maka dariya, to ka tsaya ka tambayi kanka wa kake yi wa wannan wahala. Waɗanda nake gudun dariyarsu ko ɗaya bai leƙo ni a asibiti ba. Ka yi wa kanka wannan tambaya tun idanunka biyu suna nan.